Telan da Ya Bi Matarsa Ƙaura

Namadi tela ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a rumfarsa ta bakin kasuwar Zurmi, inda ko babu ɗinki ba a rasa mutum huɗu ko biyar a kan bencinsa suna musun ƙwallo da zancen damina. Matarsa Barakatu malamar firamare ce. Da ta samu gurbin karatun gaba da digiri a Ƙaura Namoda, dangi suka ce ta riƙa zuwa tana dawowa. Namadi ya ƙi. Hanyar ba ta da tabbas, kuma ba zai iya wuni kullum yana kallon waya ba. Ya ɗaure keken ɗinkinsa a bayan mota, suka tashi su uku da 'yarsu Salma, wadda ba ta cika shekara uku ba.

Sun kama ɗaki biyu a wani gidan haya bayan tashar jirgin ƙasa. Barakatu kan fita da sassafe, sai bayan la'asar ta dawo da tarin takardu da ciwon kai. Shi kuwa ya kafa kekensa a zaure, ya rubuta “Ana ɗinki” a jikin kwali ya rataye. Amma kowa a unguwar yana da telansa. Watan farko, aikin da ya samu bai wuce wando ɗaya da aljihunsa ya yage ba. Maƙwabta ba su yi masa komai ba, suna gaishe shi, suna wucewa. “Mijin Malama” suke ce masa.

Wani lokaci yakan kira amininsa Abdulrashid a Zurmi. Sai ya jiyo hayaniyar tsohuwar rumfarsa, wadda yanzu wani ke ciki, ana dariyar abin da shi bai san farkonsa ba. Yana kashe wayar sai ya jawo guntayen atamfa ya ɗinka wa Salma riga, har rigunanta suka fi ƙarfin akwatinta.

Wata ranar Asabar Barakatu ta ɗago kai daga takardunta ta dube shi.

“Baban Salma, in zaman ga ya ishe ka, ka koma gida. Ni da yarinya muna iyawa.”

“Ke dai yi karatunki,” in ji shi. Bai gaya mata cewa a makon nan kaf, ban da ita da Salma, da mai ruwa kawai ya yi magana ba.

Babbar Sallah ta zo, suka shirya kaya za su gida, direbobi a tasha suka ce hanya ba ta biyuwa. Namadi ya yi Idi a tsakiyar dubban mutane, aka sallame, kowa ya juya yana rungumar nasa. Ya saɓa Salma a kafaɗa suka dawo a ƙafa.

Da ruwa ya zauna, zazzaɓi ya kwantar da shi. A rana ta biyar aka yi sallama a zaure. Alhaji Tukur ne, wani dattijo mai sayar da hatsi da ke sallah a ƙarshen sahu, wanda ba su taɓa yin abin da ya wuce musabaha ba.

“Malam tela, lahiya? Kwana huɗu ban gan ka masallaci ba.”

Namadi ya ce masa zazzaɓi ne. Dattijon ya zauna a tabarma, ya yi masa addu'a, ya tambaye shi labarin wasu mutanen Zurmi da suka yi fatauci tare tun da daɗewa. Biyu daga cikinsu Namadi ya sani, ɗaya ma ya rasu. Tun daga nan Alhaji kan leƙo in yana gari, sai dai ba kasafai yake gari ba.

Yanzu sun shiga shekara ta biyu. Ɗinki ya ɗan fara shigowa, yawanci kayan ɗaliban ajin su Barakatu. Kwanan baya ta dawo fuskarta cike da murna, ta ce malaminta ya yaba bincikenta, ya ce ta nemi digiri na uku a Zariya.

Namadi ya tsayar da keke. “Shekara nawa za a yi?”

“Ukku. Wataƙila huɗu.”

Ya gyara zaren allurar. Sannan ya ce Allah Ya sa alheri, ya ce ta miƙo masa almakashi.