Batirin Binta

Shin Binta ta ji abin da kakanta ya faɗa mata, ko motsin bakinsa kawai ta gani? Har yau ban sani ba. Ni ban yi karatu ba, 'yar maƙwabciyata ce ke rubuta wannan, kuma na ce ta yi haƙuri in kuka ya tsayar da ni.

Wata Laraba ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa, shekarar da Binta ta shiga aji biyu. Ta dawo daga makaranta tana dafe da bayan kunnenta, ta ce, "Inna, maganarki tana yankewa." Na ɗaga hijabinta, na ga 'yar wutar na'urar da take ji da ita tana ƙiftawa. Batiri ya kusa ƙarewa ke nan. Malam, mijina, yana kwance a ɗaki ba lafiya tun farkon mako, kuma shi kaɗai ya san inda ɗaya batirin yake.

Binta jikarmu ce, an kawo mana ita yaye ta zauna. A hannunmu aka gane ba ta ji. Tsawa ta taɓa fasa bishiyar tsamiya a bayan gida, kaji suka watse, ita kuwa tana ta wasa da ludayi. Ubanta, da ke aiki a sakatariyar Gaya, ya yi ta yawo har wata ƙungiya ta ɗauki nauyin aikin dasa mata na'urar ji. Malam ya ƙi da farko. "A tsaga kan amaryata a saka ƙarfe? Ba da ni ba," in ji shi, don haka yake kiranta da wasan jika. Amma ranar da aka kunna mata na'urar ya yi gyaran murya, ta waiwayo a firgice, ya fita waje yana share ido.

Daga nan rayuwar gidanmu ta koma kan abin nan. Ba a aika Binta rijiya, kada ruwan bokiti ya zubo mata a kai. Mai kitso tana mita saboda filin da dole ta bari a bayan kunne, inda abin ke mannewa. In yara suna 'yar gala-gala a filin makaranta, zuciyata tana wajen. Sau ɗaya abin ya faɗi cikin yashi, aji guda suka durƙusa suna tankaɗe ƙasa da yatsu. Garinmu babu wuta, saboda haka Malam ke hawa keke zuwa Ajingi wajen mai cajin waya, ya zauna a kan benci yana gadin batiri, ana zolayarsa wai tsoho ya zama ɗan aiken amarya. Da yamma ya zaunar da ita a gindin rumbu, ya nuna akuya, ya nuna turmi, yana maimaita sunayensu har harshenta ya kama.

A ranar Larabar nan na birkice ɗaki, na duba cikin ƙwarya, ƙarƙashin katifa, jakar keke. Babu. Numfashin Malam ya sauya. 'Yan'uwansa mata suka cika ɗakin, suka kori yara waje kamar yadda aka saba. Sai ya buɗe ido ya ce, "Ina amaryata?" Yayarsa ta ce yarinya ba ta ganin irin wannan. Na ratsa su na jawo ta. Ta durƙusa, ya kai bakinsa kusa da kunnenta ya yi magana a hankali. Da na duba, wutar ta riga ta ɗauke. Ko kafin ya fara ne, ko bayan ya gama, Allah kaɗai ya sani.

Yanzu ubanta ya kafa mana sola a kan rufi, caji ba ya wuce tsakar gida. Binta tana aji biyar, surutunta har ya ishe ni. Keken yana jingine a zaure. Amma duk ranar da na tambaye ta abin da kakanta ya ce, sai ta kalle ni, ta sa hannu ta cire na'urar.

Abin da ya ce mini dai bayan an fitar da ita, dab da zai cika, na ji shi. Ya riƙo bakin zanena ya ce, "Asabe, ɗaya batirin yana aljihun rigata. A kai shi caji, gobe akwai makaranta."