Kuɗin da Suka Shiga Sau Uku

Shekarar da aka canja takardun kuɗi ce, lokacin da mutum zai kwana da dukiya a banki ya wayi gari ba shi da na koko. A Gusau mun ga manyan alhazai a layi, kowa da katinsa a hannu, suna lallashin mai gadi kamar surukinsu. A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da hamsin da 'yan kai, kuma kuɗin da suka yi yawo a shekarar ne suka mai da ni attajiri a takarda.

Sana'ata sayar da barkono da busasshen kayan miya, kuka da kuɓewa da daddawa, a 'yar rumfa a Tudun Wada. Tun da aka raɗa wa ɗana na fari suna na buɗe asusu a banki domin karatunsa. Ni ban yi boko ba, na ce shi sai ya yi har ya gaji. Ina sa abin da ya samu, wani wata in sa, wani wata in duba aljihu in ba shi haƙuri. Kafin yaron ya gama sakandare kuɗin sun kai naira dubu ɗari tara.

Da ya gama sai ya ce jami'a ta sha kuruminta. Ya tafi Tsafe ya koyi haɗa wutar sola, kafin a ankara har ya fara aiko wa uwarsa atamfa. Na same shi da maganar kuɗin, ya ce, "Baba, ka riƙe abinka. Ni rana ce ke biyana, kuma ba ta tafiya yajin aiki."

Mai ɗakina da ta ji, sai ta ce, "To Malam, ai kuɗin karatu ne, ga ka kuma ɗalibi. Sai ka sayi fensir na dubu ɗari tara."

Yaron ne ya ba ni labarin asusun fansho na masu sana'ar kansu. Ka zuba kuɗi, su zauna can, mafi yawansu ba ka taɓa su sai ka tsufa. Abin ya kwanta mini. Kuɗin da ke kusa da hannu biki da suna ne ke cinye su, kuma gwiwoyina sun riga sun fara yi mini maganar tsufa duk sanda na ɗaga buhu. Na yanke shawara kuɗin karatu su koma kuɗin tsufa.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Da farko aka rufe asusun karatun, aka juye kuɗin cikin asusuna. Waya ta yi ƙara, alat ya shigo, kuɗi sun shiga. Daga nan na je Tsafe, yaron ya tura su zuwa fansho ta wayata. Suka fita, amma ba su isa ba. A lokacin haka na'urorin banki suke, kuɗi su tashi su rataye a sama kamar shaho. Bayan 'yan kwanaki suka gaji suka dawo. Waya ta sake ƙara, kuɗi sun shiga.

Sai taubashina ya ji labari. Dillalin hatsi ne a Rawayya, cikin ƙasar Bungudu, shi nake ba kuɗin shara duk shekara, kuma tun muna yara bai taɓa ganina da abu a hannu ya bar ni da shi ba. Ya ce in turo mishi, wai akwai wani ma'aikacin banki a Bungudu da yake kai wa gero, shi zai shigar da su cikin ƙiftawar ido. Na tura. Kuɗi suka kwana biyu a wurinsa, ma'aikacin bankin ya zama kamar aljani, kowa na jin labarinsa ba mai ganinsa. Daga ƙarshe taubashi ya maido mini da su cif, ba ragi, abin da har yau nake mamaki. Waya ta yi ƙara ta uku. Bayan nan ne abubuwa suka lafa, yaron ya sake turawa, suka shiga fansho lafiya.

Da shekara ta juyo aka ce duk mai rumfa ya je ya cika takardar haraji. A da, zuwa nake in dangwala babban yatsa, a faɗi abin da zan biya, in biya in dawo. Bana kuwa na iya haɗa baƙi, na iya rubuta sunana ba tare da na fito da harshe ba, kuma malaminmu bai daɗe da koya mana tarawa mai ɗauke-ɗauke ba. Na sa farar riga, na soke biro a aljihun gaba yadda kowa zai gani.

Jami'in da na iske a ofishin haraji matashi ne mai fara'a. Ya ce, "Baba, kawo in cika maka."

Na ce, "A'a ɗana, bana da hannuna."

Takardar da Turanci take, amma ƙarƙashin kowane layi an sa Hausa da ƙananan baƙaƙe. Na bi da yatsa a hankali. Suna, na rubuta. Sana'a, na rubuta. Sai na zo wani layi: ku-ɗin shi-ga. Kuɗin shiga na shekarar da ta wuce.

Na ɗaga kai na ce, "Duk abin da ya shiga?"

Ya ce, "Duka, Baba. Kada ka ɓoye ko sisi."

Ni kuwa ba mai ɓoye-ɓoye ba ne. Na ciro waya na duba. Sun shiga a Gusau, sun shiga bayan Tsafe, sun shiga daga Rawayya. Na jera dubu ɗari tara sau uku a bayan hannuna, na tara, na ɗauki biyu na kai gaba kamar yadda malam ya koyar. Miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Lissafin bai kuskure ko ɗaya ba, ina so a san wannan. Ribar barkono kuwa kunya ta hana ni ɗora ta a kan wannan tsauni.

Jami'in ya karɓa ya duba. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya sake duban takardar. Sai ya miƙe ya jawo kujera mai katifa.

"Alhaji, ai da ka zauna. A kawo wa Alhaji ruwa mai sanyi!"

Ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma na zauna. Na sha ruwan, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A raina na ce ashe haka ilimi yake, tun ba a je ko'ina ba ya fara biya. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya ce za a aiko da abin da aka yanka mini.

Aka aiko. Na karanta da kaina, sannan na ba maƙwabcina ya karanta, ko idona ne. Ba idona ba ne. Abin da aka yanka ya kusa kashi ɗaya cikin uku na ajiyar tsufan gaba ɗaya. Ko rumfar da barkonon da ni kaina aka sayar ba za mu kai ba. Abin da ya rage shi ne in je in roƙi a buɗe fanshon da na sha wahalar rufewa.

Na kai wa malaminmu takardar bayan la'asar, kafin a fara darasi. Tsohon hedimasta ne, ba ya dariya da wuri, amma ranar sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce kuɗin shiga a bakin ma'aikata yana nufin samu, abin da sana'a ta kawo maka sabo. Kuɗinka da ka ciro daga aljihun dama ka sa a na hagu ba samu ba ne.

Na ce, "To Malam, me ya hana su rubuta samu?"

Ya ce in tambaye su.

A gida mai ɗakina ta durƙusa har ƙasa ta miƙo mini tuwo. "Ranka ya daɗe, Alhaji. Yaushe za a sa mana tayil?"

Na koma ofishin da dabarar da na kwana ina saƙawa. Na yi sallama na shiga, na fita. Na sake sallama na shiga, na fita. Na shiga na uku na tsaya gaban jami'in na ce, "Ɗana, mutum nawa suka shigo?"

Ya ce, "Ɗaya, Alhaji."

"To haka kuɗina suke."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Sannan ya ce, "Na gane, Baba. Amma ni ban ce uku ba ne. Kai ka rubuta, da hannunka, har ka hana ni biro."

Na lura na koma Baba, kuma ba wanda ya jawo kujera. Ya ce gyara mai yiwuwa ne, sai dai da shaida. Takardar banki za ta nuna na farko daga asusun karatu suka fito, na biyu kuma dawowa suka yi. Na ukun ne matsala, domin daga hannun mutum suka zo, kuma a ido kamar ciniki ne. Sai mai asusun ya zo da kansa ya shaida cewa kuɗina ne ya maido.

Banki ya ba ni takarda bayan na yi musu zarya. Sannan na hau mota zuwa Bungudu, na hau kabu-kabu zuwa Rawayya.

Na iske taubashina a zaure. Labari ya riga ni isa, domin ina sallama ya miƙe ya cire hula.

"Maraba da mai miliyoyi! Wanga talaka mi zai yi ma?"

Na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya gyara zama ya ce shi bai tuna ya maido mini da komai ba. Abin da ya tuna, barkono ya saya a wurina, na dubu ɗari tara, ya yi yaji da shi.

"Kai dai ka ji tsoron Allah," na ce.

"Ina jin tsoronsa. Kai ne ba ka ji ba, shekara da shekaru kana ba ni kuɗin shara na matsiyata, ashe kana zaune kan miliyoyi. Rago za ka ba ni, mai ƙaho, in tahi in yi shaida."

Ban yi gardama ba. Mai sayar da barkono ya san mai saye da ya tafi zai dawo. Na shimfiɗa buzuna a zauren na ce to, zan zauna in yi tunani. Aka kawo tuwon dawa na ci. Aka kawo fura na sha. Da gari ya waye na ciro littafin ajinmu na fara bita da ƙarfi, ba bi bu, ta ti tu. Da na gama na koma kan buhunan takin da ya jingine a bango, ina karanta Turancin jikinsu harafi-harafi yadda Allah ya hore mini. Duk baƙon da ya zo cinikin gero sai na tare shi in karanta mishi abin da ke rubuce a bayan babur ɗinsa. Ba a jima ba uwargidansa ta aiko daga ciki cewa ko a sallami wannan ɗalibi ko ita ta tafi gidansu.

Rago ya sauko ya zama tunkiya, tunkiya ta zama bunsuru. A kan bunsuru muka tsaya, da kuɗin motarsa zuwa da dawowa, da tsire a tasha.

Ranar shaida taubashi ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Jami'in ya tambaye shi ko kuɗin nan nawa ne ya maido. Ya ce ƙwarai. Ya dangwala yatsa. Da nan ya tsaya da mun tafi lafiya, amma bakinsa bai iya tsayawa ba.

"Yaro, ni mi zan yi da 'yan kuɗinshi? Ni da ke loda tirela a kaka? Rumbuna kaɗai in ka gani..."

Jami'in ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. A ina kake biyan naka harajin?"

Jami'in ya jawo kujera mai katifa, ya ciro sabuwar takarda, ya ce ko a nan ko a Bungudu, duk asusu ɗaya ne. Ni kuwa na zare biro daga aljihu na ce, "Ɗana, bai iya rubutu ba. Kawo in cika mishi, na san layin."

Taubashi ya ce ko hannuna ne kaɗai ya rage a duniya bai yarda ba.

Aka soke miliyoyina. Aka tambaye ni ribar barkono, wannan karon dalla-dalla, kuma tunda na iya karatu ban da damar cewa ban gane ba. Ajiyar tsufa tana nan inda take, ba a taɓa ko naira ba.

Abin da ya tafi: bunsuru ɗaya, ja. Kuɗin mota na mutum biyu da tsinken tsire shida, biyar a cikin taubashi. Cinikin kasuwa na mako guda. Harajina ya ninka na bara. Biro ɗaya, na bar shi a kan teburin jami'in. Taubashi kuma bai yi mini magana ba har sallar layya, ranar da ya aiko a tambaye ni ko bunsurun yana da ƙane.