Rumfar da Kawu Ya Yi wa Sola

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Wudil, ni da wani abokina mai sana'ar haɗa sola. Ko shayi ban tsaya sha ba, saboda maganar Kawu ta tsaya mini a rai. Yayan mahaifiyata ne, yana noman rani a wata fadama ta wajen Lajawa. Ni na matsa masa har ya sayar da injin ban ruwansa mai shan fetur, aka kafa masa mai aiki da hasken rana. To sai ga wayarsa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Abin naku fa ya mutu, albasa kuma ta fara kwanciya." Wannan albasar ita ce abincin gidansa na shekara.

A tasha mun tarar an sake ƙara kuɗin mota, ba wanda ya yi gardama, kowa ya san dalili. Daga Hotoro zuwa Mariri rabin gidajen mai a rufe suke, sai 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi suna ɗaga mana hannu. A Mariri na roƙi direba ya ɗan dakata, na sayi goro fari, don Kawu ba a zuwa masa hannu rabbana.

Cikin fasinjoji akwai wani malamin jami'ar Wudil, mutum mai fara'a. Ya ce man da ke ƙarƙashin ƙasa kamar rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa, wata rana sai an ga ƙasansa, kuma ko ba mu gani ba jikokinmu za su gani. Direba ya ce, "Malam, ai ni a wurina ya daɗe da ƙarewa. Zamanin soja na bi layi, aka dawo farar hula ga ni har yau ina bi." Mota ta kwashe da dariya. Ni dai yaƙe na yi, hankalina yana fadama.

Mun hau gadar Wudil rana ta ɗan ɗaga. Ruwan kogi ya ja baya, masu ɗibar yashi suna ta lodi. Abokina ya rantse ba zai taɓa wayar sola da yunwa ba, dole muka zauna muka ci waina da soyayyen kifi. Kai, kifin Wudil ba dai daɗi ba! Muna ci ina kallon rumfunan bakin hanya: mai cajin waya, mai aski, har mai sayar da ruwan sanyi, kowa da farantin sola a kan kwanonsa. Daga nan muka hau acaɓa, ƙura ta yi mana hoda.

Kawu ya tarbe mu a bakin gona. Duk da damuwar da ke fuskarsa sai da ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da jaririyar da aka yi wa suna kwanan baya. Na kalli albasa, ganye ya yi laushi, ƙasa ta tsage. Kunya ta kama ni sosai.

Muka nufi wajen rijiya, sai abokina ya ja birki ya tsaya. Ga wata rumfa sabuwa fil, an kafa ta da itace mai ƙwari, an rufe da zana ruɓi biyu, an share ƙarƙashinta tas. A cikin inuwarta farantan sola suke zaune abinsu.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

Ya gyara hula, ya ce, "Ni mana. Na taɓa gilashin nan da azahar na ji shi kamar tanda. Na ce kayan tsada, a bar shi rana ta cinye? Tsohon injina ma ban taɓa barinsa ba inuwa ba, shi ya sa ya daɗe."

Abokina ya juya baya yana tari, ni na san ba tari ba ne. Da ya samu kansa ya rusuna ya ce, "Baba, ai ranar ce abincinsa. Yunwa kuka bar shi da ita."

Kawu ya yi salati. Da kansa ya kama zanar, muka taya shi sauke ta. Muka yi cirko-cirko muna jira, ni ina addu'a a zuci kada a ce akwai wata matsalar daban. Can sai tiyo ya motsa, ya yi tari, ya feso ruwa. Ba ƙara, ba hayaƙi. Kawu ya tattare wando ya ɗauki fartanya yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, yana dariya shi kaɗai. Rabona da jin daɗi irin na wannan lokacin har na manta.

Rumfar ba ta yi asara ba. Mun matsar da ita gefe, a nan muka sha fura muka yi azahar. Kawu yana ɓare goro ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ita ranar dai ba za a ƙara mata kuɗi ba ko?" Na ce ban ji labari ba tukuna.

Mun shigo Kano kafin magariba, a gajiye amma rai fes. Abin da na koyo shi ne, ranar da mai zai ƙare ba na'ura kaɗai za mu sauya ba, har da sabon da muka yi shekara da shekaru. Kuma duk wanda zai kai wa dattijo sabon abu, ya zauna ya yi masa bayani.

Washegari da hantsi Kawu ya kira. Na yi sallama, bai amsa ba. Ashe wayar ya kara a bakin tiyo, ya bar ni ina sauraron ruwa.