Ranar da na yi wa tsofaffi biyu tafinta

Tumakin ƙasar nan suna da wani wari da na gida ba su da shi, warin ulu idan ruwa ya jiƙa shi. Kwanan baya na ciro rigar sanyi daga injin wanki, warin ya buge ni, sai ga ni a ƙauyen McLeansville ina 'yar shekara goma sha ɗaya, tsaye a bakin shinge cikin jar laka.

A can muke sayen ragon layya. A shekarun nan cikin hunturu Babbar Sallah take faɗowa, mu je da safe bakinmu yana hayaƙi. Mai gonar wani dogon tsohon Bature ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse a wasu jihohi. Mu dai Tsoho mai tumaki muke ce masa.

Kakana, mahaifin Baba, ya zo ne daga ƙauyenmu gabas da Maraɗi don a yi masa aikin ido. Bayan aikin sai likita ya gano yana da ciwon suga, zaman da aka ce na ɗan lokaci ne ya yi ta miƙewa. A hawa na biyu muke, a wasu gidajen haya kusa da titin Wendover. Baba yana aikin ɗaukar kaya a wani katafaren sito, Mama tana kitso a falo. Kaka kuwa yini yake a bakin taga da carbinsa, yana kallon motoci.

Akwai maganar da ke tsakaninsa da Baba, kowa a gidan ya san ta. Wani ɗan kasuwa yana son gonar gadonmu ta gida. Baba yana so a sayar, a sayi gida a nan mu fita daga haya, Kaka kuma ya zauna kusa da likitocinsa. Kaka bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk lokacin da aka ɗauko zancen sai ya ce bari a yi sallah tukuna.

Ranar da muka kai shi zaɓen rago, bai ko kalli ragunan ba. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Tsohon yana kallonsa. Da sanyi ya wuce sai ya aiko wa Baba cewa akwai ɗan fili a bayan garke, idan dattijon yana so. Daga nan kowace Asabar Baba ya sauke mu a can ya wuce aiki. Ni ake barin sa da ni in yi masa tafinta, don Hausar yayyena ta riga ta fara karyewa. Kaka ya shuka kuɓewa da yakuwa da wake. Ya ce ƙasar tana da nauyi, tana riƙe fartanya, ba kamar yashinmu ba.

Wata Asabar cikin zafi, suna hutawa a inuwa, ƙwarin bishiya suna ta kuka, Kaka ya ce in faɗa wa Tsohon cewa ashe mutanen Ingila ma sun iya kiwo. Na faɗa. Tsohon ya ajiye kofinsa. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Gaya wa kakanki ni ba ɗan Ingila ba ne," in ji shi. "Ireland aka haife ni. Ya kira ni kowane suna, ban da wannan."

Kaka ya yi mamaki, don a wurinsa Turawa iri biyu ne, na Faransa da na Ingila. Ya tambayi dalili. Tsohon ya yi magana mai tsawo, ina yanka ta gunduwa-gunduwa ina miƙawa.

Ya ce tsibirinsu yana maƙwabtaka da Ingila, kuma kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce suna da sarakunansu da shari'arsu, ƙasa kuma ta dangi ce, sarki ba shi da ikon sayar da ita. Sai aka ce kowane sarki ya miƙa ƙasarsa ga sarkin Ingila, a maido masa da ita da takarda da sabuwar sarauta. Wanda ya karɓa ya zama yaron wani a gidan ubansa, wanda ya ƙi aka kira shi ɗan tawaye. Nan Kaka ya gyara zama. Ya ce in gaya masa shi ma da idonsa ya ga kumandan Faransa ya tuɓe sarkin yankinsu ya naɗa wanda ya ga dama, ya kuma ga an kwashi yayyensa aikin tilas ana tsakiyar damina.

Tsohon ya gyaɗa kai ya ci gaba. Ya ce Ingila ta sauya hanyar addininta, su suka ƙi sauyawa, sai aka riƙa cin su tara, aka hana su muƙami. Na rasa yadda zan bayyana cewa dukansu Kiristoci ne amma ba sa shiga coci ɗaya. Kaka ya ce in wuce, ya gane. Aka raina harshensu, har askinsu da suturarsu aka yi wa doka. Sarakunan arewacin tsibirin suka tashi da yaƙi, aka ci su, daga baya suka hau jirgin ruwa suka bar ƙasar, suna cewa za su dawo da taimako. Ba su dawo ba. Aka ce ƙasar da suka bari ta zama ta gwamnati, aka kwaso baƙi daga ƙetare aka raba musu kwari mai albarka, masu wurin aka tura su kan tudu cikin duwatsu. 'Ya'yan waɗanda aka kora su ne suka sake tashi. Ya ce ba zai ɓoye ba, an kashe mata da yara ta kowane ɓangare.

"Sun ci?" in ji Kaka.

Tsohon ya ce a'a, ɗan abin da ya rage musu ma sai da aka ƙwace. Shi kansa a kan irin wannan tudu aka haife shi, yunwar aiki ta fito da shi yana saurayi.

Kaka ya daɗe yana kallon kuɓewarsa. Bai yi zancen azzalumai ba, ko na addini. Abin da ya tambaya shi ne sarakunan da suka hau jirgi, a ina aka binne su. Tsohon ya ce a ƙasar mutane.

Da la'asar Baba ya zo ɗaukar mu. Ba mu kai babban titi ba Kaka ya ce a nema masa tikitin komawa gida, gona kuma ba ta sayarwa ba ce. Baba ya tsayar da mota a gefen hanya.

"Alhaji, maganinka fa? A ƙauye wa zai riƙa duba ka?"

"Na ji ka. Amma gonar nan tana bukatar a ga mutum a cikinta."

Baba ya yi kwanaki ba ya cin abinci da mu. Mama ta sa dattawan masallaci suka zo, suka sha shayi, suka tashi ba su sauya komai ba. Kaka ya tafi bayan an cire wake. Ya ga damina biyu a gida, ciwon ya ci ƙafarsa, ya rasu kafin ta uku. Baba bai samu zuwa jana'iza ba. Mun daɗe a haya bayan haka, kuma ban taɓa jin ya ɗora wa kowa laifi ba. Da muka kai wa Tsohon labarin rasuwar, ya cire hularsa, ya yi wata gajeriyar addu'a da harshensu. Ya ce ita kaɗai ta rage masa a ka daga harshen.

Yanzu gidaje ne jere a inda garken yake. Ni ma na yi aure a nan, 'ya'yana suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa. Gonar gadonmu ta gida tana nan, ta dawo hannunmu ni da yayyena bayan rasuwar Baba. Ɗan ƙanen Baba ne yake nomanta, yana turo mana hoton gero a waya. Garin ya girma har ya kai bakinta. Bara ɗan ƙanen Baban ya kira ya ce masu saye sun dame shi, kuma shi ma yana son tafiya birni, mu yanke shawara. Mun yi taro a falon babban yayanmu. Ba wanda ya ce a sayar, kuma da aka tambayi wanda zai je ya zauna a can, ba wanda ya ce shi zai je.