Yaya Illa, mai sayen karin magana

Shekara goma ke nan da muka kai Yaya Illa makwancinsa. Ni ba ɗan lakwal ba ne, aji uku na yi aka cire ni, sai mai karatu ya yi haƙuri da rubutun. Na so in yi shiru bana kamar yadda na saba, sai ga fari ya dawo, fuskokin da na gani wancan karo sun sake cika Yamai.

Illa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Tawa muka zo, yana sayar da hatsi a babbar kasuwa tun kafin ta ƙone, ni ina ɗaga masa buhu. Shekarar da soja suka karɓi mulki, mutanen arewa suka kwararo gari, Buzaye da Fulani, har da na ƙasar Mali, dabbobinsu duk sun zube a hanya. Wanda ya iya roƙo ya samu na sawa a baki. Amma akwai waɗanda tun da aka haife su ba su taɓa miƙa wa wani hannu ba. Irin waɗannan sai su tsaya nesa da rumfa, su dubi hatsi, su wuce. Wasunsu a bakin hanya ake tsintar gawarsu.

Wata rana wani tsohon Buzu ya yi irin wannan tsayuwar. Illa ya kira shi ya ce, "Baba, zo mu yi ciniki. Ni mai sayen magana ne. Ba ni karin magana guda ta wajenku, in biya ka tiya guda ta hatsi." Tsohon ya dube shi ya ce, "Ku nisanta tantunanku, ku kusanta zukatanku." Illa ya ɓata rai kamar mai tayi, ya ce ta yi tsada amma ya saya. Ya auna masa har da gyara. Tsohon ya tafi da hatsinsa, bai roƙi kowa ba.

Labari ya bazu. Wata Bazabarma daga wajen Tondibiya ta sayar masa da cewa icce ko ya shekara cikin kogi ba ya zama kada. Wani Bafulatani ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse, Illa ya ce, "Kai, wannan muna da ita a gida, kada ka sayar mini da kayana!" Mutumin da ya kwana uku bai ci ba sai ga shi yana dariya. Shi ma an auna masa.

Ni kam ban yi dariya ba. Na ce, "Yaya, magana za mu dafa wa yara?" Ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na ce to, amma sai da tuwo mai cikin yake tsayuwa. Bai daina ba. Da ya ji tsohon Buzun ya kwanta a sansanin 'yan gudun fari da ke bayan gari, ya ɗauki hatsi ya bi shi. Can ya kwaso amai da gudawa. Kwana uku ya yi. Ya bar mini mata da 'ya'ya huɗu da rumfa wayam. Ranar zaman makoki kowa yabonsa yake, yabo kuwa ba ya cika tukunya. Gaskiya na daɗe ina jin haushinsa.

Da zai tashi yau, me zai ce? Kamiyo, manyan motocin kaya, na zuwa da jar dawa ta agaji, kuma ban musa ba, rabon ya fi na da isa ga mutane. Amma sai dattijo ya yini a layi cikin rana, ana kiran sunansa kamar mai laifi. Cikin maganganun da Illa ya saya akwai wadda ta ce hannun da ba ka iya yankewa, sumbace shi. Ban ce da kowa nake ba.

Yanzu rumfata tana kasuwar Wadata, baki goma sha ɗaya nake ciyarwa. Jumma'ar da ta wuce wani tsohon Bafulatani ya tsaya nesa, sanda a kafaɗa, ba saniya ko ɗaya. Na san wannan tsayuwar. Na ɗebi rabin tiya, na ɗaga murya gaban 'yan dako da maƙwabta na ce, "Baba, ga sadaka!" Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi albarka, ni wucewa nake." Ya juya. Na san abin da ya kamata in faɗa, shekara guda ina jin sa a bakin wana, amma harshena bai kawo shi ba. Na rufe rumfa na bi sawunsa har unguwar Bukoki, ban gan shi ba.

Kabarin Illa ya shafe, 'ya'yansa sun girma, ƙaraminsu ko fuskarsa bai riƙe ba. Karin maganar kuwa suna nan cikin kaina, na mutane iri-iri, ina jefa su a hira ana cewa na san duniya. Ashe ƙaiƙayin na gada, tsabar ta bi mai ita. Hatsi kowa zai iya bayarwa. Shi ya san yadda ake ba mutum ba tare da an karɓe masa komai ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa tsohon nan ya gamu da wanda ya fi ni iya magana.