Layuka Talatin da Bakwai na Mai Zare

A ofishin kowa Mai Zare yake ce mata, har manaja. Sunan ya bi ta ne tun shekarar da ta fara aiki, lokacin da ta cika bangon bayan kujerarta da katuna tana haɗa su da jan zare. Kamfanin manhaja yake yi wa ƙananan asibitoci, ita kuwa manhajar ba dunƙule guda ba ce. Guntaye ne sun haura ɗari huɗu, wannan ba ya tashi sai wancan ya riga shi, zaren kuma shi ke nuna wa ke jingine da wa. An sha yi mata dariya har ta gaji, sai ranar da komai ya tsaya cak aka ga masu dariyar sun yi cirko-cirko gaban bangonta suna bin zare da yatsa.

Daga baya ta kwashe bangon ta zuba a rumbun bayanai. Tebur ne mai gida uku: mai buƙata, abin da yake buƙata, da dalili. Duk sanda za a ɗora wa wani asibiti manhajar, daga teburin nan na'ura ke ɗebo jerin, ta san abin da za ta fara sakawa. Mafi yawan layukan kwamfuta ce ke gano su da kanta. Talatin da bakwai kuwa da hannunta ta rubuta, domin dangantaka ce da ba a gani sai abu ya lalace an sha wuya. A gidan dalili takan rubuta komai, har abin da bai shafi kowa ba. Layi na goma sha tara cewa yake: "Mai buga takardar magani yana buƙatar tsohon agogo. Na gano haka ranar da 'yata ta fara tafiya, ban gani ba, ina nan."

Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da teburin nan, kuma shi ne duk mutuncinta a wurin.

Ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta koya masa aikin a kan teburin cin abincinta, ita ta kai takardunsa gaban manaja. Mutum ne mai kai, wannan ba a ƙwace masa ba, ga iya magana a taro. Da aka ba shi aikin rubuta sabon maɗebi mai sauri, wato na'urar da ke ɗebo jerin daga teburin, mako uku yana jawo kujera gefenta. Ya koka mata cewa layukan hannunta suna sa na'urarsa zagaye, wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan. Ta nuna masa yadda ake warwarewa, ta ce aikin kwana huɗu ne in ya natsu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ko layi ɗaya ba zai bari a baya ba.

An yi masa tafi ranar da ya nuna aikin. Ita ta fi kowa tafi, har tafin hannunta ya yi ja.

Kwana tara bayan haka wani asibiti ya bugo waya da safe: takardun magani sun daina fita, marasa lafiya sun yi layi har baranda. Kafin a shiga taro Mai Zare ta buɗe aikin ƙanin nata, don ta taya shi neman ɓarakar. Ba ta yi dogon nema ba. Layi ɗaya ne ya umarci na'ura ta tsallake duk abin da aka shigar da hannu, a gefensa kuma ya bar wa kansa tuni: "Na Yaya, a bar su tukuna."

Ta rufe kwamfutar ta shiga taro da yaƙinin zai faɗa da bakinsa. Manaja ya tambayi abin da ya faru. Ƙanin ya gyara zama, ya ce maɗebi abin da ya tarar yake ɗebowa, teburin ne ya tsufa, akwai giɓi a cikinsa. Bai kalli inda take ba.

"Mai Zare, haka ne?" in ji manaja.

Tunin nan nasa kaɗai ya isa ta wanke kanta, ita ma ta sani. Sai dai ta kasa tsayawa gaban mutum takwas ta tona asirin yaron da ta goya. Ta jira ya ɗago kai. Shi kuwa yana ta juya biro. A ranar aka karɓe teburin daga hannunta aka miƙa masa, aka ce ta koma amsa koken asibitoci, wai don ta huta.

A matakala ya tare ta. "Yaya, ke ba abin da zai same ki, kin daɗe a nan. Ni sabo ne, da na faɗa korata za a yi."

"Da ka tambaye ni, da na ɗauka da kaina," ta ce. "Ba ka tambaya ba."

Ranar hutu a gidan mahaifiyarsu, tsohuwar ta yi ta sa mata albarka kan yadda take riƙe da ƙaninta a wurin aiki. Mai Zare ta ce amin, ta ci gaba da ninke wanki. Abin ya ci ta ƙwarai, ya fi karɓe teburin ciwo.

Mako biyu bayan haka saƙo ya zagaya ofis ana yaba masa: ya gano dangantaka talatin da bakwai da tsohon teburi ya rasa, ya cike giɓin. Har yanzu tana da izinin dubawa, don haka ta duba. Layukanta ne, an goge an sake zubawa da sunansa, ko karantawa bai tsaya yi ba. Ta gangara zuwa na goma sha tara. Yana nan yadda ta rubuta shi, sai dai yanzu ƙaninta, wanda ko aure bai yi ba, shi ne 'yarsa ta fara tafiya bai gani ba.