Jan Biro a Wuyan Balbela

Ko da zan tsufa har in riƙa neman ɗankwalina yana kaina, ba na jin zan manta ranar da mijina ya yanka wa 'yata tsuntsayenta da jan biro. Yanzu in an tayar da zancen a gida dariya ake yi, har da shi mai aika-aikar. Ni ma nakan yi, amma dariyar ba ta kai mini ciki, domin na san abin da muka kusa rasawa.

A lokacin muna zaune a Boɗinga, mijina yana koyarwa a makarantar firamare. 'Yarmu ta fari ta haura shekara uku ba ta ce ko "Inna" ba. Tana ji sarai, in ka kira ta za ta waiwayo, in ka aike ta ɗauko buta za ta ɗauko, amma baki gum. Mun je asibiti an ce kunnenta lafiya lau, mu dai yawaita yi mata magana. Mun karɓo rubutu ta sha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan unguwa, da za su shigo su dube ta su ce "Allah sarki" da irin muryar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Kasancewarta 'yar fari, al'ada ba ta bar ni in nuna damuwa a gaban mutane ba, ko sunanta ba na kamawa. Sai in yi murmushi in ce lokaci ne, in sun fita in shiga ɗaki in yi kukana.

Ana haka ƙanwata da ke karatu a Sakkwato ta zo hutu, ta kawo mata tsaraba: wani ɗan littafin hotuna mai takarda mai kauri. Kowane shafi abu ɗaya ne na daji ko na fadama, an zana shi da launi, sunansa a ƙasa da Hausa. Ga kurciya a reshen bagaruwa, ga cilakowa da dogon bakinta, ga kwaɗo, ga bushiya, ga balbela tsaye kusa da ƙafar saniya. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Na dai riƙa zaunar da ita a cinyata bayan la'asar ina nuna mata ina faɗin sunayen, don likita ya ce a yi ta magana, ni kuma maganar ta ƙare mini.

Wata rana ina tsince shinkafa, tana gefena a tabarma da littafinta, sai na ji wata 'yar murya ta ce, "Bela." Na ɗago. Yatsanta yana kan farar tsuntsuwar nan, ta sake cewa, "Bela." Wallahi ban san lokacin da na yi watsi da faifan ba. Kunyar 'yar fari ta tafi inda za ta, na ɗaga ta sama ina juyi da ita a tsakar gida, kaji suna ta bikin shinkafata. Daga ranar kalmomi suka fara ɗigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk daga littafin nan suke fitowa. Ba ta ce "ruwa" ba sai da ta ce "kwaɗo". Da shi take kwana, da shi take tashi, in za ta ci tuwo sai ta ɗiba ta miƙa wa kurciya tukuna.

Da aka yi hutun makaranta cikin rani, muka shirya zuwa gaida iyayen mijina a wani ƙauye kusa da Lambara, ta wajen Shagari. Surukina malamin allo ne, dattijo mai ƙarancin magana, irin mutanen da in suka yi gyaran murya gida yake yin tsit. Mijina, da gemunsa da komai, in yana gabansa sai ka rantse ɗan aji ɗaya ne. Ana gobe tafiya ya same ni ina haɗa kaya, ya ga littafin a saman jaka.

Ya ce, "Littahin ga ba shi shiga gidan Baba. Hotunan masu rai na, kin san halinai."

Na ce, "In ba shi zuwa, ni ma ba ni zuwa. Kai ka san abin da yarinyag ga ta samu cikinai."

Can ya ce, "To bari, na san dabara."

Ban tambaye shi dabarar ba, na ɗauka zai ɓoye shi ne a ƙasan kaya. Ashe akwai abin da ya taso yana gani a wajen wasu almajiran ilimi: in littafi yana da hoton mutum ko dabba, sai a ja layi a wuyan hoton, wai an raba kai da jiki, ya tashi daga siffar mai rai. Da yamman nan yana zaune yana duba takardun jarrabawar ɗalibansa, biron da ke hannunsa ja ne. Bawan Allah ya bi littafin shafi-shafi, tsakaninsa da Allah, har da kwaɗo da ba shi da wuyan kirki. Ya mayar cikin jaka yana ganin ya kashe wuta.

Mun isa da hantsi. Surukata ta sa aka kama kaza don baƙi, aka yanka a bakin rariya, yarinyar tana tsaye riƙe da zanena tana kallo. Bayan azahar aka kai ta zaure ta gaida kakanta, ni ina durƙushe daga bakin ƙofa. Tsohon da kowa ke tsoro, yana ganinta ya washe baki.

Ya ce, "A'a, amaryata ta iso! An ce mani kin hwara magana. Zo ki gwada mani abin da kiz zo da shi."

Ta ruga ta ciro littafin daga jaka da kanta, ta haye tabarmarsa, ta buɗe shafin balbela. Sai ta tsaya. Ta sa yatsa ta goga jan layin, bai fita ba. Ta buɗe na gaba, ta buɗe na gaba. Kurciya, cilakowa, bushiya, kowa da jan zare a maƙogwaro, irin wanda ta gani ɗazu a wuyan kaza. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta rufe littafin a hankali, ta ajiye, ta zo ta cusa kanta a jikina, hawaye suna zuba ba sauti.

Surukina ya ɗauki littafin ya duba. Ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?"

Mijina ya sunkuyar da kai. "Ni na, Baba. Na ga kamar ba ka so a shigo maka da hoto."

"Yaushe kat tambaye ni nic ce maka a'a?"

Surukina ya rufe littafin, ya ci gaba da magana.

"Malamai sun yi magana kan hoto, gaskiya ta, na kuwa karanta. Sun kuma yi magana kan abin wasan ƙanana da abin koyonsu. Da ka zo ka tambaya, da mun zauna na hwaɗa maka abin da nis sani. Amma kai ka yanke hukunci da sunana, ka yanke ma ɗiya tsuntsayenta."

Daga ranar yarinya ta koma gidan jiya. Kwanaki suna wucewa, ko "bela" ba ta sake cewa ba. In an miƙo mata littafin sai ta kau da kai. Mijina ya hau babur har Sakkwato ya samo sabo fil, iri ɗaya, ta ƙi ko taɓa shi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a kwanakin nan ba. A gidan surukai ba a ɗaga murya, don haka na riƙa ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Shi kuwa ya rame a tsaye, sai ka gan shi zaune a gindin darbejiya ya zuba wa yarinyar ido. Yanzu da na girma na gane tsorona da nasa ɗaya ne: kada ƙofar da ta buɗu da ƙyar ta rufe ke nan har abada.

Wata safiya, bayan an tashi daga karatu, surukina ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye da sandarsa, ya riƙe hannun jikarsa. Ya ce, "Hwadama za mu tahi ni da amaryata. Ki biyo mu daga baya, kada ki ce mata komi."

Muka bi ta cikin gonakin albasa, masu ban ruwa suna ta zubewa suna gaishe shi, suna mamakin abin da ya fito da Malam. Bai yi sauri ba, tafiyarta yake bi. Bai kuma ce mata "ce kaza" ba, irin yadda mu muke takura mata. Hirarsa kawai yake yi, wai shi ya gaji da amarya mai rowar magana, zai je ya auro wata. A bakin ruwa muka tarar da shanun Fulani suna kiwo, balbelu fari fat suna bin ƙafafunsu. Ya zauna a kan kunyar gona, ya zaunar da ita kusa da shi. Ni na tsaya nesa kaɗan.

Mun daɗe a haka. Wata balbela ta matso har kusa da su, tana taku tana miƙa wuya tana caftar fara. Na ga yarinyar ta ƙura wa wuyan nan ido, ta karkata kai ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan. Sai wata saniya ta yi atishawa, duk garken tsuntsayen ya tashi sama lokaci ɗaya. Ta miƙe tsaye, ta kama babbar rigar kakanta tana ja, ta ce da ƙarfi, "Sun tashi! Ba a yanke su ba!"

Wannan ita ce magana cikakkiya ta farko da ta taɓa yi a duniya. Tsohon ya ɗauke kai yana gyara rawani, amma na ga yadda ya goge ido da bakin rawanin. Ni kuwa a nan cikin albasar mutane na durƙusa ina hamdala, ban damu da wanda ke kallo ba. Kafin mu iso gida ta ce "saniya", ta ce "ruwa", ta ce wa kakanta "tsoho", shi kuma ya rantse ya fasa ƙarin aure.

Abin da na koya a ranar ban same shi a aji ba. Mu nan mun iya girmama manya, har mukan girmama su ya kai ba ma tambayarsu. Sai mu zauna mu ƙaga abin da muke zaton za su ce, mu aikata shi da sunansu, wani lokaci a kan wanda bai da bakin kare kansa. Tun daga lokacin, in wani ya ce mini "Baba ba zai yarda ba", ko ni ce na faɗa wa kaina, sai in ɗauki mayafina in je in durƙusa in tambayi Baban.